Dakon da Ba a Biya

Ni kabeji nake ɗauka, da karas, da dankalin Turawa,
daga gonakin bayan dutsen Shere zuwa Farin Gada.
A can bayan dutse sabis ba ya sauka.
Sai ka hau kan fa, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa,
ka sauko hannu Rabbana.

Ran nan wata 'yar jami'a, Rifkatu Azi,
ta karɓi wayata, ta latsa, ta latsa, ta miƙo.
Ta ce, "Baba Tanimu, daga yau kai ma hanya ne.
Duk wayar da ka gifta kusa da ita
za ta yi raɗa da taka,
ta ɗora mata kaya, ko ta sauke mata."
Na ce, nawa ne kuɗin dakon?
Ta yi dariya. Ta ce, sai dai cajinka ya ɗan sha wuya.

Yanzu da asuba, in na tsaya ƙofar ɗakin shan magani,
wayar takan yi kurr a aljihu, sau ɗaya tak.
Na san an yi lodi.
Me ke ciki? A ƙulle yake,
irin ƙullin da tsohuwa ke ba ka a bakin tasha
ta ce kai wa wance, kada ka kwance.
Ko awon jinin mai juna biyu ne, ko kuɗin buhun taki,
ko "na isa lafiya, ki daina kuka,"
oho.

Taya ta taɓa fashe min kusa da Fobur,
na yini a gindin mota, ina zagin jak.
Kabeji ya yi yaushi, dillali ya yi ta tsaki,
saƙon kuwa ko gezau.
Yana zaune cikin aljihu, ya naɗe ƙafa,
har wani mai babur ya wuce, ya haye wayarsa
ba ko sallama.

Akwai unguwannin da ban sake takawa ba
tun shekarar da aka yi abin da aka yi.
A cunkoson Gada Biyu nakan tsaya gefen mai Keke,
shi bai dube ni ba, ni ban dube shi ba,
amma aljihuna da nasa sun gaisa,
sun yi musayar amana.
Shi zai shiga inda ba na shiga.

Cikin Agusta ruwa ya cinye kwalbati,
kwana uku ina bayan dutse, ina kwana a mota.
Ran na uku wata mai tallan acca ta ratsa ta gefena,
wayar ta yi kurr sau biyu.
Wannan karon kayan nawa ne.

Aljihu bakwai ya kwana kafin ya same ni,
haka wayar ta ƙirga.
Ngo Chundung ce, wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara,
kafin in kwashe iyali cikin dare.
Ta ce, "Piyar da ka dasa ta yi 'ya'ya har reshe ya karye.
Yara na jifa. Ka zo ka ɗebi naka."

Na rubuta amsa. Na goge. Na sake rubutawa.
Tana nan a ajiye, yau mako biyar.
Kullum ina sauke na mutane, ba na riƙe ko ɗaya,
nawa ne kaɗai ya ƙi hawa wayar kowa.

Rifkatu ta ce in kawo ta duba, wataƙila matsala ce.
Na ce bari, 'yata, wayar lafiyarta lau.
Wannan ba na aljihun wani ba ne.
Ranar Laraba ina da lodi rabin mota,
kuma daga Farin Gada zuwa ƙofarta
bai kai tafiyar man ɗari biyar ba.